Ina Kuɗin Suke? Riƙaƙƙiyar Riba a Kamfanin Hayar Jiragen Sama

Duk wanda ya taɓa zama ajin Akanta, ko da na aron kwas ne daga wani sashe, ya san wannan layin da ke can ƙasan jadawalin kadara da bashi, wanda malamai ke fassara mana da “ribar da aka riƙe”. Ni a nan zan kira ta riƙaƙƙiyar riba. Yawancinmu mun haddace yadda ake fitar da ita, muna kuma cin makin tambayar a jarrabawa. Amma kwanaki a wajen bitar dare wani ɗan ND 2 ya yi tambayar da ta sa kowa ya yi tsit. Ya ce, to idan kamfani yana da riƙaƙƙiyar riba ta biliyoyi, me ya sa yake zuwa cin bashi? Ba sai ya ɗebo daga ciki ba?

An yi masa dariya, amma wallahi da yawa daga masu dariyar ba su da amsa. Kuskuren da ke cikin tambayar shi ne ɗaukar riƙaƙƙiyar riba a matsayin wani asusu ko rumbu da aka tara kuɗi a ciki. Ba haka take ba. Kuma ban san sana'ar da ke fito da wannan bambanci fili kamar hayar jiragen sama ba, shi ya sa na zaɓe ta.

Mu fara da ita kanta sana'ar. Jirgin da ka gani da sunan wani kamfani rubuce a jikinsa, ba lallai ne na kamfanin ba. Kusan rabin jiragen fasinja da ke yawo a duniya na haya ne. Akwai kamfanonin da ba sa sayar da tikiti, ba su da matuƙa, ba su da ruwa da fasinja. Aikinsu su sayi jirgi daga Boeing ko Airbus, su ba kamfanin sufuri haya na shekaru, sau da yawa har goma sha biyu idan sabon jirgi ne, su riƙa karɓar kuɗi duk wata. Ku tuna mai Keke Napep ɗin da ke sayen keke ya ba yaro yana kawo masa balans, sai dai wannan keken na dala miliyan hamsin ne.

Babba a cikinsu shi ne AerCap, mai hedikwata a Dablin ta ƙasar Ailan, wanda hannun jarinsa ke kasuwar New York tun 2006. Ba banza ba Ailan ta zama cibiyar wannan harka. A 1975 wani mutum mai suna Tony Ryan, wanda daga baya ya shiga cikin waɗanda suka kafa Ryanair, ya assasa kamfanin GPA a garin Shannon. GPA ya girma har ya zama jagora a duniya, ya yi odar jirage na biliyoyin daloli, yana sa ran zai tara kuɗin biya ta hanyar sayar da hannun jari. A 1992 shirin sayar da hannun jarin ya wargaje, kamfanin ya kusa durƙushewa. General Electric ta shigo ta kwashi babban kaso na harkar, daga nan sashenta na GECAS ya samu gindi. Ragowar GPA kuwa ta yi ta canza suna da masu ita, har ta zama wani ɓangare na abin da yau ake kira AerCap. A 2014 AerCap ya sayi ILFC daga hannun kamfanin inshora na AIG, a 2021 kuma ya haɗiye GECAS ɗin kansa. Duniya juyi-juyi kenan.

To, mu koma kan lissafi. Ƙa'idar ba ta da wuya. Ka ɗauki riƙaƙƙiyar ribar da aka shigo da ita farkon shekara, ka ƙara ribar bana bayan an cire haraji (ko ka rage idan asara aka yi), sannan ka cire abin da aka raba wa masu hannun jari. Abin da ya rage shi ake shiga da shi baɗi. Wato adadi ne da ke taruwa tun ranar da aka kafa kamfani. Tarihi ne, ba kuɗi a hannu ba. Abin da yake gaya maka shi ne: daga cikin duk ribar da kamfanin nan ya taɓa ci, ga adadin da masu shi ba su karɓa ba, suka bar shi a cikin sana'a. Inda aka kai shi bayan an bar shi, wannan layin ba zai faɗa maka ba.

Kafin in ci gaba, wata 'yar gyara. A Hausa “riba” ita ce abin da ɗan kasuwa ya samu a kan uwar kuɗinsa, kuma ita nake nufi a duk rubutun nan. Abin da banki ke ɗorawa a kan bashi, wanda ustazai ke kira riba da Larabci, zan kira shi kuɗin ruwa, don kada mu rikice.

Yanzu mu ƙaddara mun kafa namu ɗan kamfanin, da jirgi ɗaya tak. Alƙaluman nan na misali ne, na zaɓe su don sauƙin lissafi. Jirgin dala miliyan 50 ne. Mu masu kamfani mun zuba miliyan 14, banki ya ba mu bashin miliyan 36 a kan kuɗin ruwa kashi 5 cikin ɗari. Mun ba wani kamfanin sufuri haya a kan dala 400,000 duk wata, wato miliyan 4.8 a shekara.

Daga cikin miliyan 4.8 ɗin nan, kuɗin ruwa ya ci miliyan 1.8. Albashi da lauyoyi da ofis sun ci 300,000. Sai babban abin, wato zaizayar darajar jirgi. Al'adar wannan sana'a ita ce a raba darajar jirgin fasinja a kan shekara 25, a kuma ƙaddara cewa a ƙarshe zai rage da kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da aka saye shi. Kashi 15 na miliyan 50 shi ne miliyan 7.5. Saura miliyan 42.5, in ka raba gida 25, miliyan 1.7 kenan kowace shekara. Idan aka cire duka ukun, ribar da ta rage miliyan 1 ce cif. Mu ce haraji ya ɗauki 150,000. Ribarmu ta shekara 850,000. Muka zauna muka ce a raba mana 250,000. Riƙaƙƙiyar riba ta ƙaru da 600,000.

Yanzu mu je banki mu duba asusu. Miliyan 4.8 sun shigo. Kuɗin ruwa da hidimar ofis da haraji sun fita, saura miliyan 2.55. Ku lura, miliyan 1.7 na zaizaya ba su fita daga asusu ba, domin ba wanda aka miƙa wa su, rubutu ne kawai a littafi. Har zuwa nan tsabar kuɗinmu ta ninka ribarmu sau uku. Amma banki ba kuɗin ruwa kaɗai yake so ba, yana son uwar kuɗinsa. Mu ce mun biya miliyan 2 daga cikin bashin. Wannan kuma ya fita daga asusu, amma bai bayyana a lissafin riba da asara ba, don biyan bashi ba asara ba ne. Saura 550,000. An raba 250,000. Abin da ya rage a banki 300,000.

Kun gani? Littafi ya ce riƙaƙƙiyar riba ta ƙaru da 600,000, banki ya ce 300,000 ne suka ƙaru, kuma ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya ci ko kwabo. Ina sauran 300,000? Suna jikin jirgi. Darajar jirgin a littafi ta sauka da miliyan 1.7, bashin da ke kansa ya sauka da miliyan 2, don haka rabonmu a cikin jirgin ya ƙaru da 300,000. Idan kuma muka yi odar jirgi na biyu, masu ƙera jirage suna karɓar wani kaso na kuɗin tun shekaru kafin su kawo kaya. Sai mu tura musu 300,000 ɗin da suka rage, asusu ya koma fayau, riƙaƙƙiyar riba kuma tana nan daram a kan 600,000. Amsar tambayar ɗan ND 2 kenan. Ba za a ɗebo daga ciki ba, domin ta riga ta zama fukafukai da injina.

Akwai kuma akasin haka, wato kuɗi a hannu waɗanda ba riba ba. Kamfanonin haya kan karɓi kuɗin ajiya daga mai haya, kamar yadda wasu masu gidaje ke karɓa ko da ɗan haya zai yi ɓarna. Sannan da yawan masu haya suna biyan wani kuɗi daban gwargwadon awannin da jirgi ya yi a sama, a ajiye musu har lokacin babban gyaran inji. Waɗannan kuɗi suna cikin asusun kamfanin haya, amma yawancinsu a ɓangaren bashi ake rubuta su, domin ranar da aka yi gyaran sai an mayar. Wanda ya kalli asusun banki kawai zai ce kamfanin ya yi ƙiba, alhali amana ce a hannunsa.

To me ya sa irin waɗannan kamfanoni ke da son riƙe riba? AerCap ya shafe kusan shekara 18 a kasuwar hannun jari bai fara biyan rabon riba a kai a kai ba. Sai a 2024 ya soma, da santi 25 a kan kowane hannun jari duk wata uku. Wanda bai san dawan garin ba zai ce rowa ce. Dalilin yana cikin yadda ake gina sana'ar a kan bashi.

Kamfanin haya yana rayuwa ne a kan tazarar da ke tsakanin abin da jirgi ke kawowa da kuɗin ruwan da yake biya. Idan yana samun bashi da araha, yana da sana'a. Idan bashinsa ya yi tsada, wani zai ƙwace masa kasuwa. Masu ba da bashi da hukumomin da ke auna amincin kamfanoni kuma suna kallon abu ɗaya da ido sosai: nawa ne bashi idan aka gwada shi da jarin masu kamfani. AerCap ya daɗe yana bayyana cewa mizaninsa shi ne bashin kusan dala 2.7 a kan kowace dala 1 ta jarin masu shi. Riƙaƙƙiyar riba kuwa ɓangare ce ta wannan jari. Ma'ana, duk dala 1 da aka riƙe tana ba kamfani damar ranto 2.7 a kanta, ya sayi jirgi na dala 3.7 ba tare da ya ɓata mizaninsa ba. A ɗan kamfaninmu na ɗazu, 600,000 ɗin nan za su iya ɗaukar sabon bashi na miliyan 1.62. Mai hannun jarin da ya haƙura da rabonsa yau, yana sa ran za a juya masa shi kusan ninki huɗu a cikin jirage.

Sai dai wuƙar nan baki biyu gare ta, kuma an ga haka sau biyu a cikin shekara uku. A 2020, da annobar korona ta sa aka jere jirage a filaye ba tashi, kamfanonin sufuri suka yi ta roƙon a ɗaga musu ƙafa kan kuɗin haya, wasu suka karye. AerCap ya rufe shekarar da asarar kusan dala miliyan 299. Ta biyun ta fi muni. A Fabrairun 2022 Rasha ta afka wa Yukren, Tarayyar Turai ta ƙaƙaba takunkumi, ta ba kamfanonin haya wa'adin zuwa 28 ga Maris su soke duk yarjejeniyar da ke tsakaninsu da kamfanonin Rasha. Soke takarda abu ne mai sauƙi, ɗauko jirgi daga Mosko kuwa wani abu ne daban. Rasha ta yi dokar da ta ba kamfanoninta damar yi wa jiragen rajista a gida, suka ci gaba da tashi da su. AerCap yana da jirage 135 a hannun kamfanonin Rasha a lokacin, 22 kawai ya iya ƙwatowa. Dole ya share darajar sauran daga littafinsa, abin da ya jawo masa cajin kusan dala biliyan 2.7 kafin haraji. Shekarar 2022 ta ƙare masa da asarar dala miliyan 726. Abokin gasarsa na Amurka, Air Lease, shi ma ya share sama da miliyan 800.

A nan ne nake son mu tsaya mu kalli abin da ya faru a littafi. Ranar da aka share biliyan 2.7, ba a cire ko dala ɗaya daga asusun banki ba. Kuɗin sun fita tun shekarun da aka sayi jiragen. Abin da ya faru shi ne kadara ta ragu a gefe ɗaya, don haka dole wani abu ya ragu a ɗaya gefen. Bashi ba zai ragu ba, masu bashi ba ruwansu da Putin, kuɗinsu suke jira. Saura jarin masu kamfani, kuma ƙofar da asara ke shiga ta cinye shi ita ce riƙaƙƙiyar riba. Ribar da aka yi ta haƙuri ana tarawa shekara da shekaru ita ta shanye dukan. Da a ce duk shekara ana rabe ta tas, da asarar ta faɗa kai tsaye a kan uwar jari, mizanin bashi ya yi sama, masu ba da rance su tsorata, kuɗin ruwa ya hau a daidai lokacin da kamfani ba ya iya ɗauka. Darasin GPA ke nan tun 1992: odar jirage ta fi ƙarfin jarin da ke ƙasa, aka dogara da kuɗin da za a samo daga waje, ranar da ba su zo ba komai ya girgiza.

Labarin Rasha bai ƙare a nan ba, kuma ci gabansa ya nuna wani halin wannan layi. A 2023 AerCap ya karɓi sama da dala biliyan 1 ta hanyar sulhu da wasu kamfanonin sufuri da na inshorar Rasha, ribar shekarar ta kai kusan biliyan 3.1. A Yunin 2025 kuma babbar kotun Landan ta yanke hukuncin cewa masu inshorar haɗarin yaƙi su biya shi kusan wata biliyan 1. Tun da an riga an share jiragen daga littafi, abin da ya dawo riba ake lissafa shi. Wanda ya ɗauki 2022 ita kaɗai zai ce kamfanin ya mutu, wanda ya ɗauki 2023 ita kaɗai zai ce haya ta fi haƙar zinare. Dukansu sun yi kuskure. Ribar shekara ɗaya tana iya ruɗarka, amma idan ka jera riƙaƙƙiyar riba ta shekara biyar ko goma, ramin da cikonsa duk za su bayyana a wuri guda.

Ra'ayina a nan, kada mu ɗauka riƙe riba kullum alheri ne. Riba ta masu hannun jari ce, ba ta shugabannin kamfani ba. Idan manaja ya riƙe ta ya je ya sayi jirage da tsada a lokacin da kowa ke rububi, don kawai a ce kamfaninsa ya fi na kowa girma, to ya cuci masu ita, ko da layin yana ta hauhawa a littafi. Tambayar da ya kamata a yi ita ce, dalar da aka riƙe nawa take haifarwa? Idan ba ta kai abin da mai ita zai samu a wani wuri ba, a ba shi abinsa.

Kuma ba ta rabon riba kaɗai ake mayar wa masu kamfani kuɗi ba. A da yawa daga cikin shekarun da AerCap ba ya rabo, ya riƙa sayen hannun jarinsa daga kasuwa. A 2023 kaɗai ya kashe sama da dala biliyan 2.5 a kan haka, wani kaso mai yawa daga hannun General Electric, wadda ta samu kusan kashi 46 na kamfanin a cinikin GECAS sannan ta sayar da shi gaba ɗaya. Hikimar ita ce, idan kasuwa na sayar da hannun jarinka ƙasa da darajarsa ta littafi, sayensa kamar sayen jiragenka ne da ragi, waɗanda suka rage kuma rabonsu ya ƙaru. Ga ɗalibin Akanta, abin lura shi ne irin wannan saye yana rage jimillar jarin masu kamfani, amma ko daga riƙaƙƙiyar riba za a cire shi ko daga wani layi, ya danganta da ƙa'idar lissafin da kamfani ke bi. Haka ma hannun jarin da aka ba General Electric a 2021: sun kumbura jarin AerCap da biliyoyi, amma ba su taɓa riƙaƙƙiyar riba ba, domin jari ne da aka zuba, ba riba ce da aka ci ba. Malamai na son wannan tarko a jarrabawa, ku kiyaye.

Wani abu da ni kaina sai daga baya na gane shi ne, wannan adadi da muke gani kamar dutse, a kan hasashe yake zaune. Shekara 25 da kashi 15 ɗin nan ƙiyasi ne. Idan sabon samfurin jirgi mai tsimin mai ya fito, tsohon zai iya rasa masu haya tun yana shekara 18. Kenan zaizayar da aka riƙa cirewa ta yi kaɗan, ribar shekarun baya ta fi gaskiya yawa, kuma wata rana za a biya bambancin a dunƙule. Hanya mafi sauƙi ta gwada kamfanin haya ita ce a duba yadda yake sayar da tsofaffin jiragensa. Idan kullum yana sayarwa sama da darajar littafi, lissafinsa na da tsantseni. Idan kullum ƙasa ne, riƙaƙƙiyar ribarsa akwai iska a ciki.

Mu a Najeriya ta ɓangaren masu karɓar haya abin ya shafe mu. Kamfanin da ya ga abin da ya faru a Rasha, kafin ya turo jirginsa wata ƙasa sai ya tambaya: idan mai haya ya kasa biya, zan iya ɗauke kayana ko kotu za ta tsare shi shekara da shekaru? Akwai yarjejeniyar Cape Town ta 2001 da aka ƙulla don tabbatar wa masu jirage wannan haƙƙi, kuma Najeriya na cikinta, amma an daɗe ana ƙorafin yadda ake aiki da ita a nan. A Satumban 2024 aka sa hannu kan sabuwar ƙa'idar da Babbar Kotun Tarayya za ta riƙa bi a irin waɗannan shari'u, makin ƙasar a ma'aunin bin yarjejeniyar ya tashi daga 49 zuwa 70.5. Duk ƙasar da mai jirgi ke tsoron jirginsa zai maƙale, ko dai ya ƙi zuwa, ko ya ƙara kuɗin haya da na ajiya, ƙarin kuma a kan tikitin Kano zuwa Legas yake sauka.

Ga masu neman abin yin furojet ko masu son gwada kansu, rahoton shekara na AerCap da na Air Lease duk suna intanet kyauta. Kada ku tsaya a jadawalin kadara da bashi. Ku wuce zuwa shafin da ke nuna sauye-sauyen jarin masu kamfani, can za ku ga riƙaƙƙiyar riba daga farkon shekara zuwa ƙarshe da duk abin da ya shiga ko ya fita. Sannan ku buɗe lissafin shige da ficen kuɗi ku ajiye shi a gefe, ku nemo layi uku: kuɗin sayen jirage, biyan bashi, da sayen hannun jari. Ku fara da rahoton 2022, sannan na 2023.